Modil Ɗin da Ba Ya Kwana Cikin Talakawa

Allah ya yi wa Yamai baiwa da kogi da gada, sannan ya cika mata ni'ima da Mushe Halidu Sumana, wato Malam Halidu a bakin masu Faransanci. A shekarar da damina ta ƙi zuwa, sojoji suka zo a madadinta, shi ne shugaban sashen ordinatar, wato kwamfuta, na wani biron gwamnati a unguwar Kalley da aka ɗora wa rabon hatsin agaji. Ma'aikata suna kiransa Uban Kuri a bayan idonsa. Ya ji, ya kuma ɗauka kirari ne.

Mushe Halidu ya iya Python, harshen da ake ba ordinatar umarni da shi. A wannan harshe mutum yakan ɗaure umarninsa a ƙunshi ɗaya da ake kira modil, ya ajiye shi a wani dosiye, wato jakar ajiya ta cikin ordinatar, na kowa da kowa inda harshen ya saba dubawa. Daga nan duk shirin da ya kira sunan modil ɗin zai same shi. Haka talakawan duniya suke yi.

Shi ma ya rubuta nasa, wanda zai faɗi ƙauyen da ya fi cancantar a fara kai wa hatsi. Saboda tawali'u ya sa masa suna halidu kawai, bai haɗa da na mahaifinsa ba. Amma da ya buɗe dosiyen jama'a ya ga modil-modil na baƙi jibge, babu babba babu yaro, sai ya ja kujerarsa baya.

"Ni a Tulus ta Faransa na yi karatu," ya shaida wa biro baki ɗaya. "Ba za a kwantar da aikina a ɗakin haya da na mutanen da ban san iyayensu ba."

Sai ya buɗe masa dosiye nasa shi kaɗai, ya raɗa masa suna Mushe Halidu Shugaban Sashe. A cikin shirin ya rubuta wa ordinatar cewa in tana neman halidu, ta je dosiye mai wannan suna. Ta je, ta samu, aiki ya yi.

Madam Jummai, mai kula da fitar kamiyo, manyan motocin ɗaukar hatsi, ta roƙi a sa mata kopi a tata ordinatar, tun da motoci suna tsaye a unguwar Talladje cike da buhuna, direbobi suna barci a ƙarƙashinsu.

"Madam," in ji shi, "modil ba gishiri ba ne da ake roƙa a maƙwabta."

Ana haka Kolonel ɗin da aka ba biron ya aiko da saƙo. Ranar Litinin zai zo. In na'ura ta faɗi ƙauyukan, Mushe Halidu ya zama direkta. In ba ta faɗa ba, kujerar da yake kai ma tana da masu so.

Mushe Halidu ya ji rabin farko na saƙon. Ya sayi sabon karabat na ɗaure wuya a Babbar Kasuwa. Ya sa aka sake allon ƙofarsa, aka sake hatiminsa, aka rubuta Direkta a bangon da yake jingina babur. Ana gobe Kolonel zai zo ya lura da wata rashin kunya: dosiyen yana nan da tsohon muƙami. Nan take ya mayar da shi Mushe Halidu Direkta. Tsohon sunan da ya rubuta a cikin shirin kuwa bai taɓa shi ba, domin manyan mutane ba sa komawa karanta abin da suka rubuta.

Litinin ta zo da Kolonel da sandarsa. Mushe Halidu ya yi jawabi a kan fari, da kimiyya, da kansa. Sannan ya danna.

Ordinatar ta ce ba ta ga wani modil mai suna halidu ba.

Ya sake dannawa da wani yatsan. Ya kashe ta, ya kunna. Ya sassauta karabat. Amsar ba ta sake ba.

"Mon kolonel," ya ce, "jiya da bakinta ta amsa. Wannan tawaye ne!"

Kolonel mutum ne da ya san maganin tawaye guda ɗaya. Ya juya ga sarjan ɗinsa ya ce a kama ta. Aka fita da ordinatar wayoyinta suna jan ƙasa, aka kulle ta a magaza, ɗakin ajiyar kaya. Kolonel ya tambaya ko akwai kopi a wani wuri. Madam Jummai ta dubi silin. Sai Kolonel ya ɗora sanda a kan taswira, inda ta sauka nan motoci suka nufa.

Fursuna kuwa tana bukatar mai tsaro da ya san harshenta. Aka ajiye wa Mushe Halidu benci a ƙofar magaza, aka kira shi Babban Mai Kula da Na'urar da Ke Tsare.

Da sati ya zagayo, Madam Jummai ta tarar da shi yana roƙon sarjan ya bar shi ya shiga ya kunna ta sau ɗaya tak, wai akwai gyara a sunan dosiye.

"Alhamdu lillahi, Mushe," ta ce. "Ashe ka gano inda matsalar take."

"Tun tuni, Madam," in ji shi, yana gyara karabat. "Har yanzu Direkta ke rubuce a kai. Ba a sa sabon muƙamina ba."