Rasuwar Hajiya Gaggawa, Uwar Tagwaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da shago mai cike da shiru, ni Ishaku mai buga takardu na bakin masallacin Zongo nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, Hajiya Gaggawa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, cikin zafin Afrilun bana, 2007.

Marigayiya ta iso Wagadugu cikin kayan gwanjo daga Faransa, amma ba ta taɓa yi wa kowa gori ba. Da safe takan ce "ɗit" sau ɗaya tak, ta kama aiki. Babu katin aure ko na suna ko sanarwar rasuwa da ya zaga Zongo bai bi ta hannunta ba. Da ita nake cefane.

Ƙwaƙwalwarta wasu 'yan sanduna ne guda biyu, abin da masu gyara ke kira baret, irin mai sauri mai tsada, wanda ba ya aiki sai bibbiyu. Na raɗa musu Hassana da Husaina. Ranar da maƙwabcina Jibrilla ya sayo tasa kwamfutar mai baret ɗin talakawa, takanas na je har shagonsa na yi masa jaje. Har yau ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ciwon ajali bai yi sallama ba. Wuta ta ɗauke, ta dawo da fushi, Husaina ta ƙone. Hajiya ta shiga "ƙii, ƙii, ƙii" har sai da matata Fatsuma ta leƙo daga cikin gida. Hassana lafiyarta ƙalau, amma ta ƙi aiki ita kaɗai. Irin wannan zumunci ko a cikin mutane ya yi ƙaranci. Na ɗaure marigayiya a bayan babur ɗina mobilet sai unguwar Gounghin, wurin Lassane mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya girgiza kai.

"Patron, wannan baret ɗin c'est fini, an daina ƙera shi. Usine, wato masana'anta, kamar tandar masa ce. In an riga an yi ramuka, sai masa."

Wai gina masana'anta guda kan ci dukiya da shekaru, don haka ba mai kafa tanda biyu. Irin na Hajiya, duk wanda ya ƙera sai ya biya masu fasahar la'ada. Na talakawan kuwa kowa na ƙerawa, yana yawa yana araha. Masu haɗa kwamfuta suka bi inda kasuwa ta cika, masu ƙera baret suka bi bayansu, aka bar baiwar Allah ba dangi. Na ce a sa mata na talakawan, ko a ɓoye ne. Ramin da ake cusa baret ɗin ma bai karɓa ba, don Hajiya ba ta zubar da girma. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi, kuma abin ya yi mini ciwo.

Ta rasu ta bar ekran, allon kallo mai ƙaton ƙeya, da kilabiye na buga rubutu wanda harafin A ɗinsa ya goge, da ɓera guda da bai taɓa satar komai ba, da Hassana wadda babu mai ɗaukarta riƙo a duk faɗin garin nan, sai kuma ni.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla. Saboda haka Dodo mai gwangwan zai kawo amalanke ranar Juma'a bayan la'asar, a raka ta makwancinta a unguwar Kossodo. Zaman makoki a shagona ne. Wurin zama wadatacce, tunda masu kawo aiki duk sun tsallaka titi zuwa shagon Jibrilla. Mai zuwa gaisuwa ya riƙo shayinsa.

Ga masu tambayar inda aka buga wannan sanarwa: a shagon Jibrilla ne, a kan tasa. Ta fito nan take, babu kuskure ko ɗaya. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce jajen da na kai masa ne ya maido mini.