Kwamfutar da Ta Zama Uwar 'Yan Tsaki

Kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, gida ya yi sanyi ƙalau. Da hantsi Kaka ta tura ƙofar ɗakin jikanta mai zanen gine-gine, ta leƙa bayan tebur, sai gabanta ya faɗi. Babbar kwamfutar nan mai hucin zafi ba ta wurinta, an tura ta kusurwa an naɗe mata waya. Kwana shida ke nan Kaka na ɓoye kwalin 'yan tsaki tara a bayanta, tun da mota ta take uwarsu, ɗumin da fankarta ke fesowa ne ke riƙe da su. Yanzu ga su can sun cure wuri guda, shi kuwa gogan ya miƙe ƙafa da wata 'yar falan-falan a cinya.

"Lafiya dai, matar, ya sanyi?" in ji shi. "Irin wannan kallo haka, kamar na ci miki gado?"

"Sanyi ai kai ka kawo shi, maigidan banza! Wa ya kashe waccan?"

"Ni na sallame ta. Kin ga wannan? Laftof ce. Ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, sunansu ɗaya da ta waccan ƙatuwar, amma wutar da take sha ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba."

"Suna ɗaya! Kai ma ai sunan kakanka aka ba ka, shi buhu biyu yake ɗauka, kai bokiti ke kayar da kai."

"Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba, tsohuwa."

"To kunamar taka, zanen benen da waccan ke gamawa kafin in gama wanki, a nawa take gama shi?"

Ya sosa ƙeya. "Awa uku. Waccan awa ɗaya. Amma ki gane, ita in ta ji zafi ya fara yawa, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone."

"Wato ragguwa ce! Da gumi ya karyo sai ta nemi inuwa. Lallai ka samo daidai da kai."

"Ba lalaci ba ne, tattali ne. Waccan ta fi ƙarfi, na yarda, tana da ɗaki, tana da fanka uku, tana zuƙar wuta son ranta. Amma kusan duk abin da ta ci zafi take mayar da shi, zafin banza!"

Nan Kaka ta ji ranta ya ɓaci da gaske. Zafin banza! Ta miƙa hannu ta dafa gefen laftof ɗin, ta ji shi kamar ƙasan randa.

"Wannan gawa ka kawo min gida? Abu ba numfashi, ba ɗumi? Ko ƙwai ba zai kwana kusa da ita ba!"

"Tsaya, tsaya. Ke da kike cewa ƙarar waccan na hana ki jin rediyo, yaushe kuka shirya? Shekaranjiya har cewa kika yi in ƙara mata aiki kada ta zauna haka. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Ina ruwanka? Mace ba ta da ikon son kayan mijinta?"

Sai wani siririn kuka ya fito daga bayan tebur, tsiyak, tsiyak. Ya ajiye laftof, ya durƙusa, ya jawo kwalin.

"Innalillahi! Kaka! Kwamfutar da na yi shekara ina tara mata kaya, ita kika mayar kaza? Shi ya sa nake ganin dusa a fanka!"

"Da ka fi ta amfani, da a hammatarka zan sa su. Dube su, marayu ne. Dubi wancan, ko ƙafarsa ba ya iya ɗagawa."

Muryarta ta ɗan karye a nan, ba da wasa ba. Ƙaramin cikinsu ya kwanta gefe guda, ido a lumshe. Jikan ya dube shi, ya dubi laftof ɗinsa. Ya jawo ƙatuwar ya jona ta, ya ɗora mata zanen asibiti mai hawa bakwai, mafi nauyin aikin da yake da shi. Fanka uku suka ɗauki gurnani, iska mai ɗumi ta fara busowa, Kaka ta tura kwalin bayanta da sauri.

Suka tsuguna su biyu suna kallo. Can sai ƙaramin ya buɗe ido, ya yi tangaɗi, ya miƙe ya kutsa cikin 'yan uwansa.

"To, malam mai tattali, zafin banza ne?"

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Na bi, uwargida, kin ci. Mako nawa za ta yi tana reno?"

"Uku. Kuma kada ka bar ta ta huta." Ta nuna wani mai dogon wuya, duk ƙashi. "Wancan na ba ka shi ladan wuta. Ba kyauta ba ce, kama kuka yi."