Saƙon Suna Kashi Uku

Daminar nan ta ba ni wuya, kuma ko na so mantawa da ita surukaina na Gwaram ba za su bari ba.

Lokacin ana ta maganar bam ɗin da zai tashi duniya. Ina zaune a shagon Sale tela a Birnin Kudu, rediyo ta ce Turawa sun ɗaure kwamfutocinsu da waya kamar komar masunta. Wai saƙo ma gutsuttsura shi suke, kowane guntu ya bi hanyarsa, su haɗu a can. Ko bam ya cinye gari guda, sauran su kewaye.

Sale ya ce, "Ƙarya ce. Duniya ta tashi, wa zai kunna injin?"

Na ce gaskiya ce, kuma ni na gane dabarar. (Ni da na tsaya a aji uku. Har yau ban taɓa shafa kwamfuta ba.)

A satin nan Hajara matata ta haihu, ruwa kuma ya yanke hanyar Gwaram. Maimakon in naɗe wando in kai goron suna da ƙafata kamar kowane ɗan mutunci, sai na ce ga ranar da zan kunyata Sale. Na raba saƙon uku. Direban a-kori-kura na ba goro da albishir: ta sauka lafiya, namiji. Wani Bafillatani mai kora shanu na ce ya faɗa wa Baba, surukina, a taru gidana Laraba da safe. Mai sayar da manja a keke kuwa, a taho da malamai don addu'a.

Sale ya ce, "Ka faɗa wa kowannensu duka mana."

Na ce, "Kai tela ne, ba ka san ilimi ba."

Mota ta kafe a laka wajen Kwandiko. Direba da yaransa suka cinye goron. Sauran biyun kuwa, Allah ya yi musu albarka, sun isar daidai. To ka auna: an san yarinya da tsohon ciki, sai a ce ku taru, ku zo da malamai, babu goro, babu ambaton sunanta.

Ranar Laraba na sha babbar riga, rago a ɗaure, maroƙi yana wasa ni. Sai ga mutanen Gwaram jiƙe har ƙugu, ɗauke da gumbar sadaka. Inna, uwar Hajara, tana gaba, muryarta ta dushe don kuka. Baba ya kama hannuna ya ce, "Sai haƙuri, ɗana. Da cikin ta tafi?"

Kafin in buɗe baki Hajara ta leƙo daga zaure da kofin kunun kanwa: "Inna, wa ya mutu?"

Inna ta zube. Da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, Baba ya tambayi wanda ya aika saƙon. Na fara bayanin bam da kwamfuta. Sale, maƙiyin Allah, ya taya ni: "Ai dabarar Turawa ce, Baba. Shi kaɗai ya gane ta a garin nan."

An raɗa suna, Baba ya ƙi cin naman, la'asar ya tasa 'yarsa da jikansa gaba, wai ta ƙarasa wanka inda ake da hankali.

Ko kwamfutocin za su ci gaba da gaisawa bayan tashin duniya, wannan tsakaninsu ne. Su ba su da surukai. Washegari na sayi goro, na naɗe wando, na shiga ruwan da kaina, saƙon ban haƙurin kuma dunƙule a bakina.