Fuskar Biba a Inuwar Rumbu

"...da gajiyar hanya? Ko da yake wace gajiya gare ka, kai da moto ke ɗauka kamar buhun gero."

"Lahiya lau, amarya. Kai! Wanga ƙyalli na goshinki, man shanun gidan duka kika shafe?"

Rayyanu ke nan, jikan Kaka Biba, mai ɗaukar bidiyon biki a Tasawa, ya iso Hawandawaki da kamara a wuya. Wasan kaka da jika dai sun saba shi, amma ranar nan Biba na da abin da ya dame ta. Wanta Mahaman ya tafi aikin Hajji a ƙasa shekara hamsin da ɗoriya, ya zauna Sudan, sai bana aka samo lambarsa. Aka aika masa bidiyonta na waya, tana bakin ƙofa, rana a bayanta, fuska ta fito baƙi ƙirin. Tsoho ya ce shi bai ga Biba ba, tasa Bibar tana da tsaga a kumatu da tabo a gira. Tun ranar ko tuwon kirki ba ta ci ba.

Shi ya sa yau ta dasa kujera tsakiyar gida, rana tsaka, ta sha farin mayafinta na salla.

"To, ragon miji, ga rana nan na tara maka. In na sake fitowa kamar gindin tukunya, yaji zan yi."

"Ki tahi ina? Wa zai karɓi mata mai haƙori huɗu?"

"Biyar ne, makaho! Ɗauka."

Ya saita kamara, ya juyo mata da ɗan allon baya. Biba ta leƙa, ta dafe ƙirji. Mayafi sai walƙiya yake, wasu layuka na yawo a kansa, fuska kuwa ga ta nan baƙa wuluk.

"La'ilaha! Abar taka mayya ce? Ni ta cinye ni, mayafi ta yi wa tsaga!"

"Layukan nan kamarar ce ke kawo ƙara, wai haske ya yi yawa nan. Farin ne ke kashe mata ido, sai ta runtse, in ta runtse kuma ki ɓace. Tashi mu koma inuwar rumbu."

"Inuwa? Ana neman haske ka kai ni inuwa? Da ma an ce makarantar lakwal ɗin nan ba ka gama ta da daɗi ba."

"Ki cire mayafin kuma, ki ɗauko shuɗin zanenki. Man nan ma a goge shi."

"Wai ni za ka nuna wa Sudan da tsumma? Kishi ne! Tsoro kake wani alhaji shi gan ni shi ƙwace."

"Shi zo yau, har da zakara zan haɗa mishi."

Tana zaginsa tana yin abin da ya ce. Ya shanya farin mayafin a kan igiya inda rana ke dukansa, sai ga haske mai laushi ya dawo kan kumatunta. Ya murɗa wa kamarar wani baƙin gilashi a baki, don farfajiyar da ke bayanta kada ta ƙone fari fat.

"Yau ga ikon Allah, har da tabarau! Kai da ita duk makafi."

"Zauna tsit. Na hana ta auna gidan duka, kuncinki kaɗai za ta auna. In ta samu daidai in kulle, ko kin yi ta kaɗa kai ba za ta canza ba."

Ya juyo allon. Biba ta leƙa. Ga tsagarta layi-layi, ga tabon gira, ga ma idon innarsu a fuskarta, abin da ba ta taɓa lura ba.

"Yi magana, amarya. Ina ɗauka, wanki zai ji ki."

Duk tsiwar ta gudu. Ta ce, "Yaya Mahaman, ni ce." Da ƙyar ta lissafa masa waɗanda suka rasu da waɗanda suka rage.

Rayyanu ya hau tudun bayan gari neman rezo, inda waya ke kamawa, don ya tura bidiyon Sudan. Biba ta yi azahar, ta zauna kan tabarma tana jira. Gab da la'asar ya shigo da sauri, ya ɗora mata waya a tafin hannu. Saƙon murya ne daga Mahaman.

"Ita ce! Wallahi Biba ce. Ga tabon da na yi mata da bakin hauya, ta ce wa Inna faɗuwa ta yi don kada a buge ni. Biba, ashe kina nan?"

Sau uku ta sa aka maimaita. Hawaye na bin tsagar nan har haɓa, ba ta ko share ba.

"Amarya, kuka? Gaban mijinki, saboda wani namiji?"

"Rufe mini baki, ɗan nema." Ta kamo hannunsa ta riƙe gam. "Allah shi yi maka albarka, Rayyanu. Ka maido mini ɗan'uwana."

"To yajin fa?"

Ta yi dariya, haƙoran nan biyar duk a waje.

"Na fasa. Je ka kama jan zakaran can, naka ne. Makauniyar taka kuma ka ce ina gaishe ta, ta fi ka gani."