Ranar da Na Haska Shanun Mutane a Bango

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan yi shekara ɗari, da ranar da na tsaya gaban makiyayan ƙasar Gazawa na baje babbar rigata kamar mai shanya, wai ina tare hasken majigi da ƙirjina. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi. Amma bari in faro maku daga tushe, don ku san ba aljanu suka buge ni ba, ni na jawo wa kaina.

A lokacin ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma da makiyaya. Buronmu, wato ofishinmu, ɗaki ɗaya ne, da tebur, da benci biyu, sai wata ordinater ta hannu, wato kwamfuta, da wani aikin raya karkara ya bar mana bayan ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Ni kaɗai na iya kunna ta. Wannan ya sa ake kira na Mushe, wato Malam da Faransanci, ni kuma na ɗauki kaina injiniya (alhali iyakar gwanintata rubuta takardar gayyatar taro da saka mata furanni a gefe).

Kowace shekara in lokacin rigakafin dabbobi ya matso, likitan dabbobi zai tambaye mu allura nawa zai kawo. Mu kuma sai mu yi tsuru-tsuru, domin Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Ka tambaye shi lafiyar iyali ya ba ka amsa har gobe, amma ka ce shanu nawa, sai ya dubi sama ya ce, "Akwai dai abin da Allah ya bayar." Wasu tsoron baki suke, wasu tun kakanni suke gudun mai ƙirgar jangali, wasu kuma fulako ne kawai, kunyar a ce suna alfahari.

To, ni mai wayo, sai na tsinci wata manhaja a intanet ta rajistar garke. An rubuta cewa kyauta ce, a kan na'urarka za ka girka ta, bayananka ba su zuwa hannun kowa, kuma girkawar minti biyar ce. Wannan minti biyar ɗin, Allah ya isa tsakanina da wanda ya rubuta shi.

Ban ko gwada ta ba na hau babur na tafi rugar Ardo, shugaban makiyayan yankinmu. Na ce, "Ranka shi daɗe, wannan ba irin na waya ba ne da ke tafiya ƙasar Turawa. Cikin akwatin buronmu zai zauna, makulli yana aljihuna. Likita ma jimilla kawai zai gani, ba sunan kowa."

Ardo ya daɗe yana juya sandarsa, sannan ya ce, "Mushe, akwatin nan naka, shina da baki?"

Na ce ba shi da baki. Har da dafa ƙirji, har da wallahi.

Na dawo na fara girkawa. Bayanin da Ingilishi yake, ni kuwa Faransanci na yi a lakol, wato makarantar boko, Ingilishina bai wuce na cinikin bakin iyaka ba. Mataki na farko ya ce sai na girka wata manhaja tukuna. Ita kuma ta ce ba ta zama sai da wata. Ta ukun ta ce ta biyun ta tsufa. Na sabunta ta biyun, sai ta farkon ta yi yaji, wai ita da tsohuwar ta saba. Na taɓa sasanta manomi da makiyayi a kan gonar wake, wallahi bai kai wannan wahala ba.

Ga rezo kuma, wato sabis ɗin intanet. A buro ba ya ɗaukar komai mai nauyi, sai in goya ordinater a babur in nufi hanyar iyaka, inda rezon tsallake ke kamawa, in zauna gindin wata bishiyar bedi kamar mai jiran bush-taksi. Abu ya yi ta saukowa har ya kusa cika, sai ya tsinke, a koma farko. In na dawo buro in ci gaba, a ɗauke wuta. Mataki na bakwai kuwa, wanda ya shafi wa zai ga me, da na buɗe shi layi ɗaya na tarar: za a rubuta wannan sashe nan gaba.

Na shiga dandalin masu manhajar na kai kuka. Na tarar wani bawan Allah ya yi tambayata sak shekaru da suka wuce, daga baya ya dawo ya rubuta, "Na gyara, na gode," bai faɗi yadda ya yi ba. Ni da na tambaya, mutum ɗaya ya amsa mani bayan kwana huɗu, ya ce a wurinsa tana aiki lafiya. To madalla, Allah ya ƙara maka lafiya, ni me zan yi da wannan? (Matata ta ce a makonnin nan ko tuwo aka ajiye mani sai in tsura masa ido kamar ina jiran ya gama saukowa.)

Bayan sati uku ta buɗe. Yadda aka yi ta buɗe, ban sani ba har gobe. Na dai kwafi wani dogon rubutu daga wani wuri na liƙa, jan rubutun da ke zagina ya ɓace. Sai na gane ashe don gonakin madarar Turai aka yi ta. Ba ta karɓar mutum sai da hotonsa, da lambar akwatin gidan waya, ba ta karɓar saniya sai da ranar haihuwarta. Haka na sa duk shanun ƙasar Gazawa aka haife su ranar ɗaya ga Janairu. Wurin ɓoye sunaye kuwa na yi ta latse-latse har na samu ya ɓoye, na ce alhamdu lillahi, kada wanda ya ƙara taɓa shi.

Makiyaya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, saboda Ardo ya ce su zo. Kowa ya shigo in rufe ƙofa, in ɗauki hotonsa, ya raɗa mani adadi, in rubuta. Ina ta jin daɗi, ina cewa a raina abin da ya gagari hukuma tun zamanin Nasara, ga shi ni na yi shi da yatsa biyu.

A cikinsu akwai Baffa Ja'e. Dattijo ne da ya yi wa mahaifina kiwo shekara da shekaru, a hannunsa na fara shan nono mai ɗumi, shi ya sa ba ya ce mani Mushe, ɗana yake cewa. Garken da yake kora in ya ratsa hanya sai mota ta kashe inji ta jira. A taro in ya yi magana ba a ƙarawa. Duk wanda shanunsa suka ƙare, wurinsa yake zuwa neman habbanaye, wato aron saniya har ta haifa maka ka mayar da uwar.

Ya zauna, ya dubi ƙofa ya tabbatar a rufe take, ya ce, "Ɗana, rubuta huɗu."

Na yi dariya na ce, "Haba Baffa, ni ma?"

Bai yi dariya ba. Ya ce shekarun fari da ciwo sun cinye nasa. Duk garken nan na 'yan kasuwar birni ne, kiwo yake yi masu. Ko 'ya'yansa ba duka suka sani ba. Ya ce, "Na faɗa maka don kai ɗan Malam ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in maganar nan ta fita, ban da sauran fuskar zama cikin mutane." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, akwatin ba shi da baki. Na ji tausayinsa ƙwarai, har na kasa kallon idonsa.

Da aka gama rajista, shugaban ƙungiyarmu ya ce ai wannan ci gaba ba a ɓoye shi, sai an yi taro an nuna wa duniya. Aka sa ranar kasuwa da hantsi, aka gayyaci likita da Ardo da jama'arsa. Ni da kaina na aro majigi, na aro gurup, injin wuta, don kada a ɗauke wuta a kunyata ni. Ku riƙe wannan, gurup ɗin ni na aro shi.

Ana gobe taro, manhajar ta fito da wani ɗan saƙo mai fara'a: akwai sabon salo, an gyara kurakurai, latsa nan. Mai hankali zai bar abin da ke aiki ya ci gaba da aikinsa. Ni na latsa. Ta yi 'yan juye-juyenta ta buɗe lafiya, har launinta ya ƙara kyau, na rufe na tafi gida ina fito. Ban san sabuntawar ta share duk latse-latsen da na yi na ɓoye sunaye ba.

Ranar taro na sha babbar riga fara, wadda na ajiye don Sallah. Aka rataya farin zane a bangon zauren taro, aka rufe tagogi, mutane cike har ƙofa. Na yi jawabi a kan zamani, na ce yau za su ga jimillar shanun yankinmu, lamba ɗaya tak, ba sunan kowa. Na latsa.

Sai ga fuskar Baffa Ja'e a bango, ƙatuwa, da rawaninsa, gefenta an rubuta 4. Ƙarƙashinsa wani, ƙarƙashinsa wani, an jero su daga mai kaɗan zuwa mai yawa kamar sakamakon jarrabawa. Ko wanda bai taɓa shiga lakol ba ya san fuskar maƙwabcinsa, lamba kuwa kowa ya iya ta a waya.

Innalillahi! Na latsa komawa baya, ta ƙi. Na latsa rufewa, sai wani ɗan zobe ya fito yana ta juyawa. Wutar garin nan da ke ɗaukewa sau biyar a yini ba ta da hannu a ciki, gurup ɗina na waje yana ta ruri cikin ƙoshin lafiya. Maimakon in zare waya ɗaya daga bayan majigi (wannan dabarar sai bayan kwana biyu ta zo mani), sai na ruga gaban zanen na ware hannuwa na baje riga. Farar riga, jama'a. Sunayen suka dawo kan cikina, sun ma fi fitowa.

Wani dillalin shanu mai babbar murya ya matso ya fara karanta ni. "Ardo, goma sha ɗaya!" Sai wani daga baya ya ce, "Ardo, waɗanda suka sha ruwa a rijiyarmu jiya fa, na aljanu ne?" Aka fashe da dariya. Wanda kowa ya san garkensa ya fi ɗari, an rubuta tara. Wani bakwai. Wani har ya manta abin da ya faɗa mani, yana rantsuwa shi takwas ya ce ba shida ba. Ashe duk raɗar nan da aka yi ta yi mani a kunne, da ƙofa a rufe, ƙarya ake shirga mani cikin ladabi.

Dillalin ya kai ƙirjina ya daka tsawa, "Baffa Ja'e, huɗu!" Nan fa zauren ya kece. Mutane har da riƙe ciki. Ardo yana share hawaye da gefen rawani ya ce, "Kai Ja'e, ka ji tsoron Allah! Mu mun rage, kai ka share gaba ɗaya. Wannan kai ne sarkinmu." Baffa Ja'e ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da wayo. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwaya ba.

Likita ne ya tashi ya zare wayar majigin. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, shi dama kowace shekara abin da aka faɗa masa yake ninkawa sau biyar, kuma bai taɓa yin kuskure mai yawa ba. Ardo kuwa da zai fita ya tsaya ya dubi ordinater ya ce, "Mushe, ashe shina da baki. Har da fitila."

Da la'asar na tafi rugar Baffa Ja'e. Na same shi yana ɗaure maruƙa. Na durƙusa na fara kame-kame, sabuntawa ce, masu manhajar ne, mataki na bakwai ne ba su rubuta ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ban san mataki na bakwai ba. Kai na sani, kai na faɗa mawa. Yau Allah ya rufa mani asiri da ƙaryar 'yan'uwana." Ya sa aka kawo mani nono a ƙwarya kamar kullum. Na karɓa na shanye, kaina a sunkuye.

Har yau a Gazawa Mushe Majigi ake kira na, kuma na daina musu. Manhajar na goge ta (ita ma gogewar sai da ta ci kwana biyu, tana tambayata ko na tabbata). Abin da na koya kuwa, ban ƙara rantsuwa a madadin abin da ban san yadda aka yi ya tashi ba. In mutum ya rufe ƙofa ya raɗa mani magana, a cikina take kwana, ba na ba na'ura ajiya. Ni dai ba a taɓa sabunta ni ana gobe taro ba.