Gwabzawar Sallau da Tsofaffin Balansiya

Da sunan Mai ɗaukaka wanda Ya so, ko da a bakin kantin alewa ne. Wannan tarihin Sallau ne ɗan Nomau, jikan Barmo mai jakuna, tsatson maharban Tasawa, Sadaukin Gonakin Lemo, Sarkin Yaƙin Tsani da Almakashi, wanda ya keta hamada da bahar ya sauka Balansiya ta ƙasar Sifaniya, bai taɓa ja da baya ba sai a gaban maiɗakinsa Tasalla.

Ku sani, ran tara ga Oktoba mutanen lardin nan ke bikin tunawa da shigar wani sarkin Nasara birninsu, ƙarnoni da suka shuɗe. A ranar kowane namiji kan kai wa matarsa alewa mai siffar kayan lambu, ƙunshe cikin gyale. Malamansu sun ce wani sarki ne daga baya ya hana wasan albarushi, masu alewa suka huce haushi da murza ta kamar ƙunshin albarushin. To, an dai faɗa. Amma duk tarihin da ya ƙare a aljihun mai kanti, a riƙa sauraronsa da kunne ɗaya.

Bara maƙwabciyarsu Amfaro ta ɗaga nata gyalen a baranda, ta tambayi Tasalla ina nata. Shekara guda Tasalla tana haɗiyar tambayar nan. Da hantsin ranar bikin bana ta yanke hukunci: "Malam, yau ko gyale, ko ka nemi mai tuƙa maka tuwo."

Sai gwarzo ya yi ɗamara, ya ratsa tutoci da ganguna da hayaƙi mai turnuƙe sama, har ya isa kantin. Mutanen nan ba sa jera sahu. Mai shigowa kan tambayi wa ke ƙarshe, ya riƙe fuskarsa, shi ke nan. Sallau ya sani sarai. Abin da ya ci shi tarbiyya ce, domin Nomau bai haifi ɗan da zai sha gaban furfura ba.

Tsohuwa ta shigo: "Wa ke ƙarshe?"

"Wuce, Iya."

Wata ta shigo da kare a hammata. "Wuce, Iya."

Labari ya bazu a unguwa cewa ga wani bawan Allah yana rabon wuri kyauta, rundunonin tsofaffi suka kwararo ta gabas da yamma, masu sanda da masu keken cefane, sarauniyoyi marasa rahama, ma'abota turare da jan baki, shi kuwa Zakin Tasawa yana tsaye yana rusunawa, yana kallon ƙunshi na ƙarewa kamar hatsi a bakin fara.

Saura ɗaya tak. Ƙofa ta buɗe, wani dattijo mai gashin baki kamar ƙahon bauna ya leƙo: "Wa ke ƙarshe?"

Nan fuskar Nomau ta bayyana ga Sallau, sai ta Tasalla ta ture ta. Jinin maharba ya motsa. Ya yi kururuwar da ta girgiza faranti, ta sa kare haushi:

"Ni ne! Wallahi ni ne na ƙarshe, Baba!"

Dattijon ya ɗaga kafaɗa. Ashe burodi ya zo saye.

Haka mujahidi ya komo da ganima a ƙirji, ya durƙusar da ita gaban Tasalla, ya ja gefe yana jiran kirari. Ta kwance, ta juye alewar a kwanon sha, ta ɗaga gyalen tana jujjuyawa.

"Wannan kan jariri aka auna?"

Duk da haka ta ɗora shi, ya rufe rabin kitso, ta fita baranda da takun gimbiya. Tagar Amfaro a rufe. Ta tafi ƙauye wajen 'yarta tun jiya.

Tasalla ta daɗe a tsaye. Sannan ta waiwayo.

"Malam, gobe da safe ka ɗauke ni hoto ka tura mata. Yanzu dai fitar da shara."