Kaskar Alhaji Sampursan

Allah ya ja zamanin Alhaji Muntari na Gazawa, bawan Allahn da ya shigo mana da ilimi a aljihun riga. Kafin shi jahilci muke ci har mu yi gyatsa. Mota ta zo mu ji ta da kunne, mu shaƙi hayaƙinta, mu yi mata sannu da hanya. Shi ne ya sayo wadda ba ta tari, ba ta shan isansi, wato fetur, kuran na lantarki kawai take sha kamar firjin mai ƙanƙara. Takan wuce ka ba sallama, sai dai ka ga awaki suna watsewa.

Amma motar ba ita ce abin kallo ba. Abin kallon wata 'yar na'ura ce da ba ta kai kwalin ashana ba, wadda ya sa aka kawo masa daga Kano. A ƙarƙashin sitiyari ake cusa ta, ta manne kamar kaska a kunnen kare. Aikinta ta saurari cikin mota ta kai rahoto ga salularsa: batir ya cika ko da saura, zafinsa nawa, kuran nawa ke shiga. Tsegumi ne tsagwaronsa. In tsohuwa ta yi, a ce ta cika surutu. Da salula ta yi, sai aka raɗa masa suna kimiyya.

Tun daga nan Alhaji bai sake kallon fuskar mutum ba. Ka gaishe shi, ya amsa wa tafin hannunsa. A zaman makokin wani dattijo, ana tsakiyar addu'a, ya ɗaga kai ya ce, "Alhamdu lillahi, saba'in da huɗu." Mutane suka zaci shekarun mamacin yake faɗi, har ɗan marigayin ya gyara masa.

A gindin bedi yakan yi wa majalisa lacca. "Ku da tawakkali kuke tuƙi, ni da lissahi. Ni motata ba ta ɓoye mini komi. In ta cika, Bature cewa yake sam pur san, wato ɗari bisa ɗari." Daga ranar sunan Sampursan ya bi shi. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ana nan sai ga bikin Rukaiya, ɗiyar ƙanensa, wadda za a kai Cadawa gidan Rashidu, saurayin da ta zaɓa da kanta. Gidan su ango suna da al'adarsu: amarya ta taka ƙofa kafin faɗuwar rana. Wadda magariba ta riska a hanya, gorin yana bin ta har jikoki. Suka ce za su turo motoci. Alhaji ya ce Allah ya kiyaye, ɗiyarsa ba za ta shiga Cadawa tana warin hayaƙi ba. Ya kuma sallami Jaye, tsohon direban tasha da ya shekara ashirin yana kai amaren unguwarmu a akwalar motarsa.

"Zamaninka ya wuce, Jaye. Ka tahi ka ɗauki buhunan gujiya."

Jaye ya ce, "To, Alhaji," ya ɓare goro.

Ran Litinin aka yi wa mota sharji har ta cika fal. Alhaji ya zare waya, ya rufe ƙofofi, ya lulluɓe ta da zanen gado, ya kafa doka: ba mai motsa ta sai Juma'a, kada ɗaya ta zube daga cikin ɗarin nan kafin surukai su gani. Da yake kaskar ba ta jin kira daga nesa, sai ya dasa kujera a gefen motar. Kwana huɗu duk wanda ya zo Allah-sanya-alheri sai an nuna masa. Mai kawo itace ya gani. Matan da suka zo daka sun gani sau uku-uku. Makaho ma an karanta masa. Ashe duk tambaya ɗaya, sai kaska ta ta da motar daga barci ta amsa.

Juma'a bayan la'asar muka fito da amarya, lulluɓe, tana kukan da al'ada ta ce a yi. Guɗa ta tashi. Alhaji ya yaye zanen gado kamar mai buɗe sabon buro, wato ofis, ya danna mabuɗi.

Shiru.

Ya sake dannawa. Ya girgiza shi, ya hura masa iska, ya danna da babban yatsa biyu. Motar da ya yi ta yabo don ba ta ƙara, yau ta nuna masa iyakar iyawarta.

"Ba ta yiwuwa!" Ya ɗaga salula sama. "Ku duba! Sam pur san!"

Muka duba. Ɗari ce kuwa, ta daskare tun rahoton ƙarshe da kaskar ta aiko kafin ita ma ta suma.

Jaye, wanda ba a gayyata ba amma ya ajiye akwalarsa a inuwa, ya matso yana tauna. "Alhaji, ko wagga ta zamani tana da ƙaramin batir irin nawa. Shi ka buɗe ƙohwa, shi ka ta da babban. Kaskarka ta tsotse shi."

"Salula ba ta hwaɗi haka ba!"

"Ka taɓa jin kaska ta ba da labarin jinin da ta sha?"

A yi wa kaskar adalci, ta faɗa. Daga baya aka gano lambar ƙaramin batirin tana can lungun allo, 'yar ƙarama, kwana huɗu tana raguwa. Sai dai Alhaji ba ya kallon ƙananan abubuwa, lamba ce ko mutum. Ɗan hakin da ka raina.

Jaye ya ce a buɗe da mabuɗin ƙarfe, ya jona mata wayoyi daga nasa batir, minti biyar ta farka. Alhaji ya kumbura kamar kwaɗon damina. Motar kimiyya ta sha nonon akwala a gaban jama'a? Ya ce a dakata, zai rubuta wa masu na'urar saƙo.

Rana tana ta gangarawa. Inuwar katanga ta kai tsakiyar hanya. Uwar amarya ta fara kukan gaske. Sai muka ji kukan al'ada ya tsaya cak, murya ta fito daga cikin lulluɓi, garau:

"Baba Jaye, buɗe mini ƙohwa."

Mu tara muka shiga akwalar Jaye ta mutum biyar. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta bi titin gudron tana zagin kowane rami. Rukaiya ta taka ƙofar mijinta rana tana kan rufin masallaci, da warin hayaƙi a mayafinta da mutuncinta cikakke. Kakar ango ta leƙa bayanmu ta ce, ina motar da ba ta ƙara? Muka ce tana gida, ta ƙoshi har ta kasa tashi.

Ana kiran magariba Alhaji ya iso a bayan kabu-kabu, babbar riga ta cika da iska, salula a hannu. Har yau in an ta da zancen, rantsuwa yake a duk tafiyar nan motarsa ba ta rage ko ɗaya ba.

Kuma wallahi gaskiya ya faɗa.